Guguwar Beryl ta faɗa wa ƙanina a Houston: mu gaya wa Hajiya ko mu yi shiru?

Maman_Ilham_Agege
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Ƙanina yana zaune a birnin Houston na Amurka da matarsa da 'ya'yansu biyu. Ranar Litinin 8 ga Yuli 2024 da asuba mahaukaciyar guguwar nan da ake kira Beryl ta auka wa yankinsu. Kwana uku cur ba mu ji ɗuriyarsa ba, in na kira sai in ji wayar a kashe. Sai ranar Alhamis ya turo saƙon murya, wallahi da ƙyar na gane shi ne. Ya ce bishiyar maƙwabcinsu ta faɗo kan rufin ɗakin yara, Allah ya taimaka a lokacin duk suna falo. Ruwa ya shiga ta inda rufin ya ɓurme, katifu da tufafi sun jiƙe, har yau babu wuta, zafi kuma ya sa wani daren a mota suke kwana.

Mahaifiyarmu Hajiya tana nan wurina a Agege, tana fama da hawan jini. Kullum bayan magariba sai ta ce, "Wai yaron nan har yanzu bai kira ba?" Ni kuma in ce mata aiki ne ya sha masa kai. Shi ya roƙe ni kada in gaya mata. Amma ƙaryar ta fara yi mini nauyi, ba na iya haɗa ido da ita. Ya kuke gani? Kuma me mutum zai iya yi wa ɗan uwansa daga nan? Ga 'yata Ilham ta dame ni da tambaya, wai mu ma da muke bakin teku irin wannan guguwar za ta zo mana?

Alhaji_Obalende
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Tunda babu wanda ya rasa ransa ai alhamdu lillahi. Ni a ganina, Hajiya, ki bar shi haka zuwa lokacin da zai samu kansa. Dattijuwa mai hawan jini ba a kai mata labari rabi-rabi.

Bakatsine_Mile12
Allah ya kyauta. Amma ni dai in faɗi gaskiyata, Amurka ce fa. Gwamnati za ta biya shi, inshora za ta gina masa wani rufin. Mu nan Legas fa? Ranar Laraba 3 ga watan nan ruwan da aka kwana aka wuni ana yi, kowa ya ga yadda Iyana Oworo ta koma kogi, motoci sun nutse har tagogi. Wa ya zo ya ce mana sannu?

Injiniya_Surulere
Malam Bakatsine, na san abin da ke cin ranka, kuma ba ka yi ƙarya a kan halin da muke ciki a nan ba. Amma batun "za a biya shi" ɗin nan ina so in yi magana a kai, domin ni na zauna a Houston, kuma guguwar Harvey ta 2017 a kaina ta ƙare. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Harvey ta sauka a gaɓar Texas daren 25 ga Agusta, kusa da wani gari Rockport. Mu a Houston iskar ba ta yi mana wata ɓarna ba, har muka fara cewa mun tsira. Ashe ruwa ne ke tafe. Guguwar ta zo ta tsaya cak a kan yankin, ta yi ta zuba kwana da kwanaki. A wani wurin ruwan da aka auna ya haura milimita 1,500, wato kusan abin da Legas ke samu a shekara guda, a cikin 'yan kwanaki.

Daren Asabar wajen ƙarfe biyu matata ta tashe ni, ta ce ƙafarta ta taka sanyi. Na kunna fitilar waya, sai ga ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa a hankali, babu ko ƙara, dardumar falo tana ɗagowa kamar ana hura ta. Abin da na fara ɗauka Alƙur'ani ne da fasfunanmu, na ƙulle su a leda na ɗora kan firji. Kafin asuba ruwa ya kai gwiwa, da hantsi ya kai ƙugu. Na ɗora ɗana ɗan shekara huɗu a wuya muka hau bene wajen maƙwabta. Da la'asar wasu mutane da ban taɓa gani ba suka zo da ƙaramin kwale-kwalensu na kamun kifi suka fitar da mu. Masallacin unguwa muka nufa, don masallatai da yawa a garin sun buɗe ƙofa ga kowa a lokacin, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A nan Babbar Sallah ta same mu, 1 ga Satumba, ina sanye da rigar da wani ya ba ni.

To duk wannan ba shi ne wahalar ba. Wahalar ta fara ne ranar da ruwa ya janye muka koma gida. Warin da ya tarbe mu a ƙofa har yau in na tuna sai zuciyata ta tashi: ruwan kwata, laka, da naman da ya ruɓe a firji. Gidajensu ba irin namu na bulo ba ne, katako ne aka lulluɓe da wani allo mai kama da alli. In ya sha ruwa dole a yanke shi a fitar, in ba haka ba funfuna ta cinye gidan, ta kama ƙirjin yara. Duk layinmu kowa ya fito da kayansa bakin titi ya tara: kujeru, katifu, littattafan makaranta, hotunan biki. Tsibi-tsibi, sun yi makonni kafin a kwashe.

Kuɗi kuwa, inshorar gida ta yau da kullum a can ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai in ka yanki ta ambaliya daban, kuma da yawanmu ba mu da ita. Akwai hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ana cike takardu ana jira, abin da ta bayar ya taimaka amma bai kama ƙafar asarar ba. Motata ta tafi. Na fi shekara ina biyan bashi. Shi ƙanin Maman Ilham tunda bishiya ce da iska, akwai yiwuwar inshorarsa ta shiga ciki, amma sai ya fara biyan wani kaso daga aljihunsa, sai an turo mai duba ɓarna, sai ya samu mai gyara a lokacin da gari duka ke neman mai gyara. Ba abin kwana bakwai ba ne.

Bakatsine_Mile12
Subhanallah. Injiniya ka yi haƙuri, ban san haka abin yake ba. Mu dai abin da muke gani a waya ke nan.

Uwargida_AlabaRago
Maman Ilham, ni uwa ce, bari in faɗa miki. Hajiya ta riga ta san akwai wani abu. Uwa ba ta tambaya kullum bayan magariba haka kawai. Abin da take saƙawa a ranta yanzu ya fi gaskiyar muni, wataƙila tana zaton ya rasu ne kuke ɓoye mata. Wannan zullumin shi zai tayar mata da jinin, ba labarin rufi ba. Lokacin da ɗana ya yi haɗari a hanyar Ibadan aka ɓoye mini kwana biyar, har yau ban gama yafe wa 'yan uwana ba. Ban yarda da Alhaji ba a nan, da girmansa.

Alhaji_Obalende
Uwargida, ba cewa na yi a ɓoye har abada ba. Cewa na yi a jira ya samu wuta ya yi caji, ta ji muryarsa da kunnenta. In 'yarta ce ta gaya mata, ba za ta gaskata cewa lafiyarsa ƙalau ba.

Malamar_Yaba
Bari in amsa tambayar Ilham, tunda darasin ƙasa nake koyarwa kuma ɗalibaina ma sun yi mini ita makon nan.

Abin da zai ba ku mamaki, yawancin manyan guguwoyin nan daga wajenmu suke samo asali. Ku 'yan Arewa kun san hadarin damina daga gabas yake tasowa ya yi yamma. To irin wannan tarin hadarin ne ke ratsa Chadi, Nijar, arewacin Najeriya, Mali, har ya fita teku ta wajen Senegal. In ya tarar da ruwan teku da ɗumi, kamar digiri 26 zuwa sama, sai ya yi ta zuƙar tururi yana ƙara ƙarfi, ya fara juyawa kamar dutsen niƙa. In gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa, shi ne ake kiranta mahaukaciyar guguwa, kuma an kasa ta mataki biyar. Iskar da ke busawa a wannan sashen teku yamma take tura ta, wato nesa da mu, zuwa tsibiran Karibiyan da Amurka. Lokacinta daga 1 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba ne.

Dalili na biyu, juyawar nan tana bukatar nisa daga layin da ya raba duniya biyu. Kusa da layin ƙarfin da ke murɗa iska ba shi da yawa, Legas kuwa digiri 6 da ɗoriya kawai take sama da shi. Don haka ki gaya wa Ilham ta kwantar da hankalinta, irin Beryl ba hanyarta ba ce nan.

Beryl ɗin ma, lokacin da ta isa Texas ta riga ta yi rauni, a mataki na ɗaya take. Ƙarfinta na gaske a Karibiyan ta nuna shi, ta ragargaza tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada, ta kai mataki na biyar, kuma ba a taɓa ganin wadda ta kai wannan matakin da wuri haka a shekara ba. Amma duk da raunin nata ta bar gidaje da shaguna sama da miliyan 2 babu wuta a yankin Houston.

MaiKeke_Ijora
Malama ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na ji a rediyo an yi irinta a Afirka, har mutane da yawa suka mutu. To ya ke nan?

Malamar_Yaba
Gaskiyarka. Idai ke nan, watan Maris na 2019, ta faɗa wa birnin Beira na Mozambik, ta shiga Zimbabwe da Malawi, mutum sama da 1,000 suka rasu. Amma can gabashin Afirka ne, tekun Indiya, guguwar tana tahowa daga teku ta doshi ƙasa. Mu a yamma muke, tamu fita take yi. Ban ce fa ba mu da namu haɗarin ba. Garin nan a kan ruwa yake kwance, wasu unguwannin da ƙyar suka ɗara teku tsayi.

DanKara_Berger
To ai nan nake so a zo. Malama ta ce guguwa ba za ta zo ba, mun gode Allah. Amma duk abin da Injiniya ya lissafa, in ka cire kwale-kwalen Turawa, mu a Kara mun sha shi ba sau ɗaya ba. Kasuwarmu a bakin kogin Ogun take. In damina ta yi nisa aka saki ruwa daga madatsar Oyan, ba sai an yi ruwan sama a nan ba, rana tsaka sai ka ga ruwa yana hawowa. Mu da mutanen Isheri da Agiliti da Owode duk jirgi ɗaya ne ya kwaso mu.

Wata shekara da dare ya zo mana. Muka yi ta kwance shanu a cikin duhu muna kora su sama wajen titi, ruwa har ƙirji, saniya na kuka ɗan maraƙi na kuka. Buhunan dusa da harawar da na saya da kuɗin mutane duk suka jiƙe suka yi tsami. Shanu biyu suka karye, dole aka yanka aka sayar a wulaƙance. Kuma shanun ba nawa ba ne, na wani bawan Allah ne a Potiskum da ya amince mini. Kiran da na yi masa da safe ya fi mini daren wuya. Wannan shi ya sa na gane halin da ƙanin Maman Ilham ke ciki. Ba rufin ne ke hana shi kira ba. Kunya ce. Mutumin da aka saba shi ke turowa gida, yau ya buɗe baki ya ce ba shi da shi.

Maman_Ilham_Agege
Malam ɗan Kara, wallahi kamar ka shiga zuciyata. Shi ke turo kuɗin maganin Hajiya duk wata, shi ke biya wa ƙanwarmu makaranta a Zariya. A saƙon da ya turo, bayan ya gama ba ni labarin bishiya, abin da ya rufe da shi shi ne, "Yaya, ki ba ni mako biyu zan turo na maganin." Na zauna na yi ta kuka. Mutum yana kwana a mota da yara yana tunanin maganinmu.

Injiniya_Surulere
To Hajiya, ga amsar tambayarki ta biyu nan kin faɗa da bakinki. Kada ki wahalar da kanki wajen tura masa kuɗi, dala ta yi tsada, abin da za ki tara da gumi ba zai saya masa man mota na mako ba. Abin da za ki yi masa shi ne ki sauke masa kayan gida. Ku 'yan uwa ku haɗu ku ɗauki maganin Hajiya da kuɗin makarantar nan na wata uku ko huɗu, sannan ki gaya masa a fili: an riga an biya, kada ka turo ko sisi. Ni a 2017 da yayana ya kira daga Gusau ya ce mini haka, a ranar na fara barci na kirki.

Kuma ki ce masa ya ɗauki hoton komai kafin ya zubar, rufin, katifun, har abincin da ya lalace, ya ajiye duk wata takardar shaidar biya. Ya samu tamfol ya rufe ramin kafin wani ruwan. Kada ya ba wani mai gyara da ya ƙwanƙwasa masa ƙofa kuɗi gaba ɗaya, bayan kowace guguwa macuta suna fitowa. Ni an taɓa ni, wani ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace.

SistaBilki_IdiAraba
Ni ma'aikaciyar jinya ce, abu ɗaya nake roƙo ki isar masa yau ɗin nan, kada ki bari sai gobe. In ya samu janareta, kada ya kunna shi a cikin gida ko a garejin mota, ko da ƙofa a buɗe take. Haka kwanan motar nan, kada ya bar inji yana aiki a cikin gareji. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ba shi da launi, mutum zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce bari in ɗan kwanta, shi ke nan. Bayan guguwa a can mutane da dama ba iska ke kashe su ba, wannan hayaƙin ne da zafi. Yara su yi ta shan ruwa, in akwai wurin da aka buɗe mai sanyi su wuni a can.

Mu ma nan Legas mun san wannan musibar. Ana ruwa sai mutum ya jawo janareta cikin baranda don kada ya jiƙe ko a sace, a wayi gari a fasa ƙofa a tarar da iyali duka. Na ga irin haka da idona, ba na so in sake gani.

Sannan tunda an taɓo ambaliya, ku tuna tun watan Yuni na wannan shekara ta 2024 ake fama da kwalara a jihar nan. Duk inda ruwa ya shiga gida ya haɗu da na masai da na kwata. A tafasa ruwan sha, a wanke rijiya da tanki, a hana yara wasa a ciki. Wanda ya fara amai da gudawa a haɗa masa ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Batun Hajiya kuwa, ku tabbatar ta sha maganinta, a auna jinin, ta ci abinci, sannan a yi maganar da rana ba da dare ba.

Alaramma_Agege
Allah ya saka wa Sista da alheri. Ina so in tunatar da mu addu'ar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi in iska ta taso, yana roƙon Allah alherinta da alherin abin da ke cikinta, yana neman tsari daga sharrinta. Mu koya wa yaranmu, ya fi mu bar su suna zagin iska ko suna kururuwa. Game da mahaifiya, 'yata, addu'ar uwa ga ɗanta ba ta da shamaki. Kuna hana shi abin da ya fi bukata a yanzu. Ku nemi lafazi mai taushi, ku fara da cewa kowa lafiya, amma ku gaya mata.

Bakatsine_Mile12
Ni fa har yanzu maganar nan ta gida ce ke damuna. Su can an sanar da su kwanaki kafin ta zo. Mu fa?

Malamar_Yaba
Ana sanarwa, Malam. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, tana kuma fitar da na kwanaki. Gwamnatin jiha takan yi gargaɗi kafin a saki ruwan Oyan. Matsalar ita ce da Turanci ake yi, a shafukan da mai tumatir a Mile 12 ba ya buɗewa. Da za a riƙa kai wa sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai, a faɗa da Hausa bayan sallar Juma'a, da an rage asara. Kuma kowa ya riƙe lambobin gaggawa na jihar nan, 112 da 767.

DanKara_Berger
Malama ko an sanar, ina za mu kai shanu ɗari biyar? Wanda ke haya a ɗaki ɗaya a Agiliti, in an ce ya tashi, ya tashi ya je ina? Ba taurin kai ba ne. Wurin da ruwa ke ci shi ne wurin da talaka ke iya biya.

Injiniya_Surulere
Wannan gaskiya ce, kuma can ma haka ne. A guguwar Katrina, 2005, an ce kowa ya fice daga New Orleans, amma wanda ba shi da mota ba shi da kuɗin masauki ya zauna. Katangun da ke tare ruwa suka fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, mutum fiye da 1,000 suka rasu. Dubbai aka kwashe zuwa Houston, wasu ba su sake komawa ba. Maƙwabciyata da muka hau benenta a Harvey tana cikinsu. Wata dattijuwa ce baƙar fata, sau biyu ke nan ruwa na raba ta da gida. Ita ce ta ce in rubuta sunan ɗana da lambar wayata a jikin rigarsa kafin mu shiga kwale-kwale, ko da za a rabu.

MaiKeke_Ijora
Mu ma da namu laifin. Jiya a gabana wata mata ta juye kwandon shara cikin kwata ana tsakiyar ruwa, wai ruwa zai tafi da shi. Ledar ruwa da robobi sun toshe ko'ina. In ruwa ya shiga injin keke, ni ke kwana uku ban yi aiki ba, mai keke kuma ba ya jin uzuri, balas ɗinsa yake jira.

Uwargida_AlabaRago
Kun bar Maman Ilham da tambayarta kun tafi kwata. Injiniya, don Allah yaron naka fa? Ina tunanin yaran can biyu da bishiya ta faɗo ɗakinsu.

Injiniya_Surulere
Uwargida kin taɓo inda ya fi ciwo. Ya daɗe ba ya yarda a kashe fitila. In aka fara yayyafi sai ya ɗebo takalmansa ya ɗora kan gado, ya zauna kusa da su. Ya koma fitsarin kwance bayan ya daina. Mun dawo Legas yana ɗan shekara shida, damina ta farko a nan da ruwa ya fara dukan kwano sai ya shige ƙarƙashin tebur. Abin da ya taimaka, mun daina ce masa "ba komai". Uwarsa takan zaunar da shi ta ce ya ba ta labarin daren, ya zana kwale-kwalen, mu kuma mu nuna masa inda za mu hau in ruwa ya zo. Yanzu shekararsa 11, yana fita cikin ruwa da ƙwallo. Amma ni kaina har gobe in aka yi ruwan dare sai na tashi na haska ƙarƙashin ƙofa.

Maman Ilham, ki gaya wa ƙaninki kada ya yi wa yaran faɗa in sun manne masa. Matarsa ma a riƙa kiranta ita kaɗai ana jin ta bakinta, kowa mijin yake tambaya.

Maman_Ilham_Agege
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Ga inda aka kwana. Na kira yayanmu na Kano da ƙanin mahaifinmu, mun raba kuɗin maganin da na makaranta har zuwa Oktoba. Na tura masa saƙon Sista kalma da kalma, ya ce janaretan da abokinsa ya ara masa a bakin gareji yake, ya fitar da shi tsakar fili yanzu.

Na ce masa ba zan ƙara yi wa Hajiya ƙarya ba, ko ya kira ko in faɗa. Ya yi shiru, can ya ce to. Ya je masallaci ya yi caji, ya kira ta bidiyo da ƙarfe huɗu na yamma, su can goma na safe. Ya fara nuna mata yaran, sannan ya juya wayar ya nuna mata hoton rufin. Hajiya ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba. Sai ta ce a matso mata da ƙaramar, ta ce ta ɗaga hannuwanta duka biyu ta gani, ta juya ta ga bayanta. Daga nan ta miƙo mini wayar ta shiga ɗaki ta tayar da salla. Na auna jinin da daddare, ya ɗan hau amma ba sosai ba. Ni ce dai ba ta yi wa magana ba tun jiya.

Alhaji_Obalende
Za ta huce, Hajiya. Ki kai mata shayinta da kanki da safe, ki durƙusa ki ba ta haƙuri, kada ki tsaya kare kanki.

Uwargida_AlabaRago
Ba lallai ta huce da wuri ba, ni na san wannan fushin. Ki dai yi ta zama kusa da ita.

DanKara_Berger
Wutar fa, an kawo musu?

Maman_Ilham_Agege
Layin bayansu an kawo, nasu tukuna, wai sai an sare bishiyar da ta danne wayoyin. Mai duba ɓarnar kuma ya ce sai mako mai zuwa. Injiniya, yana tambaya, katifun yaran da ruwan sama ne kawai ya jiƙa su ba na kwata ba, in ya shanya za su yi, ko su ma ya fitar?

Injiniya_Surulere
Kwana nawa suka yi a jiƙe cikin wannan zafin? In sun wuce biyu, ya ɗauki hotonsu ya fitar. Turo mini lambarsa ta akwatin sirri, zan kira shi bayan isha'i.